Yadda Ƙwararre Ya Sa wa Unguwa Sitaci

A rufin ɗakina akwai ƙugiyar fanka, amma babu fanka. Wanda ya cire ta ma babu shi, ya rasu a daminar da ta wuce. Mijina ne. Sana'arsa wanki da guga, mutanen unguwa kuwa Ƙwararre suke ce masa, domin ba a taɓa kawo zancen wani abu a gabansa ya ce bai iya ba. In ana maganar jirgin sama, ya taɓa ba wani matuƙi shawara. In ciwon haƙori ne, likitoci ma wajensa suke tambaya. Ba abin da yake ji da shi a duniya kamar gashin bakinsa, baƙi wuluk mai tsini biyu, wanda kullum da safe sai ya lakato sitacin kayan mutane ya murɗe shi kafin ya amsa gaisuwata. Masu zuwa mini ta'aziyya sukan fara da hawaye su ƙare da dariya, kuma labari ɗaya ne ke kawo dariyar. Shi zan ba ku yadda ya faru, don na ji wasu sun fara ƙara masa gishiri, alhali ba ya buƙata.

A lokacin majalisar dokokin jiha tana shirya doka a kan kafa manyan fankokin nan masu samar da wuta daga iska, su riƙa tallafa wa kamfanin wuta na gwamnati, ko a samu sauƙin ɗauke wutar da ake yi. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a. Ƙwararre bai san da zaman ba. Guga ya kai wa wani direba a harabar majalisa, direban da ya saba kawo masa wankin gidan ubangidansa. Yana juyowa sai ya ji sanyin na'ura yana fitowa ta wata ƙofa, shi kuwa ya bi sanyin, ya samu kujera a gaba ya zauna kamar an gayyace shi.

Masana suna ta bayani cewa har yanzu ana binciken wuraren da iska ta fi ƙarfi. Ƙwararre ya ɗaga hannu bai sauke ba har aka gaji aka miƙo masa makirfo.

Ya gyara tsinin gashin baki ya ce, "Ranka ya daɗe, tun ina saurayi nake shanya. Wanda bai taɓa shanya zanin gado ba bai san iska ba, labarinta kawai ya karanta."

Aka yi dariya, dariyar kuwa ita ce man da ke tuƙa shi. Ya ce a unguwarsu bargo yana bushewa kafin ka gama maƙala shi a igiya. Ya ce kaza takan tsuguna a gidansu ƙwan ya faɗi a gidan maƙwabta. Ya ce ba a aiken yaro kanti sai an zuba masa duwatsu a aljihu, in ba haka ba sai dai a je wata unguwa a karɓo shi. Shugaban kwamiti, wani babban mutum mai tumbi da ke gyangyaɗi tun ɗazu, ya buɗe ido ya ce tunda haka ne kwamiti zai zo ya gani da idonsa a mako mai zuwa. Ƙwararre ya ce to su zo da hula mai igiya.

Unguwarmu kuwa a kwari take, dogayen benaye sun kewaye ta ta ko'ina. Hayaƙin girki a miƙe yake tashi kamar sanda. In ka saki gashin kaza a kan ƙafarka zai sauka. Bargon da Ƙwararre ya shanya yakan yi tsami kafin ya bushe, ni shaida ce, ni nake sake ɗauraye shi.

Kafin ya iso gida rediyo ta riga shi. Mai askin da ke jikin shagonsa, wanda ake kira Almakashi, abokin faɗansa tun suna samari, ya tare shi a bakin titi da tawul a kafaɗa. Ya tambaye shi ko iskar da ya faɗa a majalisa a aljihu yake ajiye ta, don shi tun da ya buɗe shago bai taɓa ganin gashin da ya aske ya matsa daga inda ya faɗi ba. Ƙwararre ya ce mai aski da kan mutane ya saba, abin da ke cikin kan ba huruminsa ba ne. Almakashi ya ce ai ya sha riƙe kansa, ya ji yadda ba shi da nauyi. Mutane suka taru. Da Ƙwararre ya ga taro sai ya dafa gashin baki.

"In kwamiti ya zo ya tafi bai yarda da iskarmu ba, ka sa wannan injin askin naka ka kwashe shi a gaban kowa."

Almakashi ya sumbaci injin ya ce shekarunsa nawa hannunsa yana ƙaiƙayi a kan wannan tsintsiyar. Ya kira bakanike da mai kanti su zama shaidu.

Da Ƙwararre ya shigo gida na ce masa ya koma majalisa ya ce wasa yake yi. Ya kalle ni kamar na ce ya sayar da dutsen guga.

"Maman yara, ke kin taɓa ganin iska da idonki? Ba wanda ya taɓa ganinta. Aikinta ake gani. To aikin ni zan yi mata."

Washegari ya ɗora gangar ƙarfe a wuta ya dama sitacin da ya isa wankin asibiti. Ya kwaso kayan mutanen da aka kawo masa wanki, riguna da wanduna da zannuwan gado da labule, ya tsoma su ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa a ƙasa, ya karkata hannuwan riguna da ƙafafun wanduna gefe guda kamar guguwa ta ja su. Ya zura waya a cikin kalmasa. Da rana ta gama da su sai suka zama kamar katako, in ka ƙwanƙwasa har amsawa suke. Ya ɗaura igiyoyi daga gida zuwa gida, ya ɗaɗɗaure su duk suna nuna gabas. In ka tsaya daga nesa ka rantse hadari ne ya taso, sai dai ba abin da ke motsi.

Sai ya koma kan mutane. Ya bi gida gida yana cewa in kwamiti ya yarda, unguwar nan ta yi ban kwana da duhu har abada, firji zai yi ƙanƙara, ɗinki ba zai tsaya ba. Wanda ya sha zafi ba ya musu da irin wannan magana. Mata suka kawo ɗankwalayensu aka sa wa jelarsu sitaci ta miƙe gefe. Kowace yamma ya tara manya da yara a titi yana koya musu tafiyar cikin iska: a karkata zuwa yamma, a runtse ido ɗaya, a dafe hula, in za a yi gaisuwa a ɗaga murya kamar iska na kwashe maganar. Gwaggo, tsohuwar da ke gidan kusa da mu, dama a sunkuye take tafiya saboda ciwon baya. Ya nuna ta ya ce kowa ya yi koyi da ita, ita ce ta fi kowa ganewa. Ta ce Allah ya nuna masa shekarunta ya ga ko darasi ne. Bai daddara ba, ya kama zakaranta zai sa wa jelarsa sitaci. Zakaran ya bar masa shaida a hanci, Gwaggo ta ƙara masa da muciya.

Akwai wata 'yar bishiya a bakin titi. Ya ɗaure kanta da igiya, ya tara samari suka ja ta har ta rusuna gabas, aka ɗaure igiyar a jikin wata matacciyar mota da ke gaban garejin bakanike. Ya ɗaura zare a hulunan dattawa, ya ba matansu bakin zaren ta taga, da an ba da alama a fizge. Alamar da ya zaɓa ita ce in ya taɓa gashin bakinsa. Ranar gwaji ba a samu dattijon da ya yi minti ɗaya da hula a kai ba, domin Ƙwararre ba ya iya faɗin kalma uku bai taɓa shi ba. Mai kanti ya bi hularsa cikin kwata har sau uku, ya ce in aka sake fizgewa zai saki matarsa. Aka mayar da alamar tafi.

Na ƙarshe su ne fankoki. Ya ce ko yaya dai baƙi su ji ɗan wani abu a fatarsu. Aka tattaro duk fankar da ke unguwar, ta tsaye da ta tebur, aka jera su a bayan tagogin da ke kallon titi. Tamu ta rufi ya hau kujera ya kwance, ina cewa kada ya taɓa, yana cewa gobe zan gode masa. Ya ɗaure ta a jikin tsani a bakin lungu ya rufe da zanin gado. Bakanike ya ce anya wayar unguwa za ta ɗauki wannan kaya a lokaci ɗaya? Ƙwararre ya ce shi da wuta tun ba a haifi bakanike ba suke tare.

Ranar da kwamiti zai zo gari ya waye da wani irin zafi mai liƙe riga a baya. Ƙwararre ya daɗe a gaban madubi. Da ya fito sai na ga tsinin gashin bakin nan biyu duk sun juya gabas, na dama ya bi kumatu, na hagu ya haye kan leɓe ya bi ɗan'uwansa. Na ce masa da wane baki zai yi magana. Ya ce da na gefe.

Motoci suka tsaya da hantsi. Shugaban kwamiti ya fito yana share gumi, bayansa 'yan majalisa, da manajan kamfanin wuta, da 'yan jarida masu kyamara, da wata injiniya mai riƙe da ɗan ƙarfe mai ƙananan kofuna a kansa, waɗanda ke juyawa in iska ta taɓa su. Suka tarar da unguwa gaba ɗaya a karkace. Mai kanti ya nufo su kamar mai hawan dutse, ido ɗaya a runtse, ya kwarara musu sannu da zuwa a kunne har shugaba ya ja da baya. Mata suna wucewa da jelar ɗankwali a miƙe. Sama kuwa riguna da wanduna sun cika titi, duk sun miƙa hannu gabas.

Shugaba ya dubi sama, ya dubi rigarsa da ke liƙe da tumbinsa, ya ce shi fa bai ji komai ba.

"Ranka ya daɗe, haka take," in ji Ƙwararre ta gefen baki. "Ba ta saba da baƙi ba. Sai ta ɗan san mutum tukuna."

Injiniya ta ɗaga ƙarfenta sama. Kofunan suka tsaya cik. Wani ƙuda ya zo ya sauka a kan ɗaya ya fara wanke hannu. Ta ce na'urar ba ta nuna komai. Ƙwararre ya ce ai ta riƙe ta a tsakanin iska biyu ne, ta sama da ta ƙasa, wurin da ake kira mataccen tsagi, duk mai shanya ya san shi. Ta ɗaga sama, ta sauke ƙasa, ta hau kan dakali. Ƙudan bai ko tashi ba. Almakashi yana tsaye a ƙofar shagonsa, shi kaɗai ne a miƙe a duk unguwar, yana goge injin aski da tawul a hankali.

Da Ƙwararre ya hango injin sai ya tafa hannu.

Hulunan dattawa suka tashi lokaci guda, sai dai kowace ta nufi tagar gidan mai ita, wata gabas, wata yamma, wata ta haye bene. Fankoki suka ɗauka gaba ɗaya da ƙara kamar jirgi zai tashi. Tamu ta rufi ta haɗiye zanin gadon da aka rufe ta da shi, ta fara jan tsanin tana tafiya da shi cikin lungu. Kofunan injiniya suka juya sau ɗaya, ƙudan ya tashi. Ƙwararre ya buɗe baki zai ce ga ta nan, sai taransifomar da ke kan kwana ta yi wata irin tsawa, ta tofar da wuta, ta saki baƙin hayaƙi. Fankoki suka mutu. Hayaƙin kuwa ya tashi a miƙe sak kamar sanda, a tsakiyar rigunan da ke rantsuwa cewa ana guguwa.

Manajan kamfanin wuta ya daɗe yana kallon hayaƙin. Sannan ya tambaya, a hankali, fanka nawa aka kunna. Duk unguwa tana nan a karkace, don ba a ba da alamar miƙewa ba.

Shugaban kwamiti kuwa ba taransifoma yake kallo ba. Idonsa yana kan igiyar da ta fi kowace tsayi, inda Ƙwararre ya kafa abin da ya fi burge shi a cikin kayan wankin, wani ƙaton wandon barci mai zanen agwagi rawaya, ƙafafunsa biyu a miƙe kamar tuta. Shugaba ya kira direbansa. Direban ya fito daga mota, suka haɗa ido da Ƙwararre, kowa ya gane kowa.

"Wancan ba shi ne wanda jikokina suka saya mini ba? Wanda ka ce mai wanki bai gama ba?"

Direba ya ce ga mai wankin nan. Masu kyamara suka juya gaba ɗaya, daga wando zuwa shugaba, daga shugaba zuwa wando. Wani ɗan majalisa ya miƙa sanda ya ƙwanƙwasa ƙafar wandon, ta amsa kamar ƙofa. Ƙwararre ya ce wannan shi ne ƙarfin iskar da yake faɗa, tana busar da kaya har su sandare.

To a nan ne Allah ya nuna ikonsa. Zafin nan ashe na hadari ne. Gabas ta yi baƙi ba wanda ya lura, don kowa ya karkata yamma da ido ɗaya a rufe. Iska ta gaske, wadda unguwar ba ta ga irinta ba tun ina amarya, ta faɗo ta tsakanin benaye, ta bayan mutane. Wanda ya karkata gaba aka tura shi ta baya, ina zai tsaya? Layi guda suka kifa, mai kanti a kan bakanike, bakanike a kan dattawa. Gwaggo kaɗai ta rage a tsaye, ta saba da nata sunkuyon.

Rigunan katako suka fara tsinkewa daga igiya suna yawo a sama kamar kwanon rufi. 'Yan majalisa suka shige ƙarƙashin motoci. Igiyar bishiya ta tsinke, bishiyar ta miƙe da ƙarfi ta maki igiyar sama, wandon agwagi ya yi tsalle ya dira a titi a kan ƙafafunsa, ya bi hanya yana tangaɗi shi kaɗai, shugaba yana bin sa, direba yana bin shugaba, masu kyamara suna bin su duka.

Ƙwararre ya miƙe daga ƙasa ya riƙo hannun rigar injiniya, kofunanta suna juyawa kamar za su fita.

"Hajiya, rubuta. Ga ta nan, ta san ku yanzu."

Ta ce masa iskar hadari ba a kafa fanka da ita, ana auna wuri ne shekara guda cur, kuma ko da an samu, ba mai kafa irin waɗannan fankoki a tsakiyar gidajen mutane, fili ake nema a bayan gari. Ya ce me ya sa ba a faɗa ba tun farko. Ta ce an faɗa a zaman majalisa, lokacin yana ɗaga hannu.

Sai ruwa ya sauko. Sitaci ya fara narkewa. Riguna suka saki jiki suka faɗi cikin taɓo, jelar ɗankwalaye ta kwanta, wandon shugaba ya durƙusa a bakin kwata kamar ya gaji. Gashin bakin Ƙwararre ya sauko a hankali ya rufe masa baki, farin ruwa yana bin haɓarsa. Shugaba ya dawo da wandonsa a hannu yana ɗiga, ya ce a rubuta cewa kwamiti bai ga iska a wannan unguwa ba, abin da ya gani ba zai faɗu a majalisa ba.

Motoci ba su gama fita ba Almakashi ya fito da kujera ya dasa a tsakiyar titi. Ruwa ya ɗauke, unguwa ta kewaye. Ƙwararre ya dubi taransifomar da ke hayaƙi sai fuskarsa ta washe. Ya ce a tambayi shaidu, da inji ya yi alkawari, bai ce reza ba, bai ce almakashi ba, inji kuwa sai da wuta. Shaidu suka ce gaskiya ne. Ya juya zai tafi yana cewa wanda ya iya ya iya.

Almakashi ya danna injin ya ɗauka. Ya ce na caji ne, ɗansa ya aiko masa.

Aka zaunar da shi, aka ɗaura masa tawul. Ya rufe ido ya ce a yi maza, shi dama ya daɗe yana son ya sha iska a leɓe. Injin ya bi ɓangaren dama ya share shi tas. Yana isowa daidai ƙarƙashin hanci sai ya yi 'yar ƙara ya mutu. Caji ya ƙare.

Ƙwararre ya shafa dama, ya shafa hagu. Ya ce to a kawo reza a ƙarasa. Almakashi ya ce a'a, a tambayi shaidu, da inji aka yi alkawari. Shaidu suka ce gaskiya ne. Almakashi ya ƙara da cewa ba wanda zai taɓa ragowar sai shi, in wuta ta dawo.

Manajan kamfanin wuta bai yi gaggawar gyara mana taransifoma ba. Har aka ga sabon wata, unguwarmu tana cikin duhu, Ƙwararre yana yawo da rabin gashin baki, yana bin gidajen masu kaya yana ba da haƙuri. Na ce ya aske ragowar da kansa mana. Ya ce shi ba ya karya alkawari, kuma rabin nan ya fi cikakken na wasu. Kullum da safe sai ya lakato sitaci ya murɗe tsinin da ya rage. Baƙon da ya tambaye shi ina ɗayan, sai ya ce iskar unguwarsu ce ta tafi da shi, a je a tambayi majalisa.

Bayan shekaru dokar ta wuce, aka kafa fankokin a kan tuddai can bayan gari. In ka hau rufin shagonsa kana hango su farare suna juyawa. Duk wanda ya kawo wanki sai ya hau da shi ya nuna masa, ya ce shi ya ba kwamiti shawarar wurin. Wuta ta ɗan gyaru, ba laifi. Fankarmu kuwa da ta ƙone a lungu ya hana a kai wa mai gyara, ya ce ƙwararre yana gida za a kai wa wani? Ya kwance ta gunduwa gunduwa ya zuba a bahon wanki, kullum gobe zai ɗaura. Bahon yana nan ƙarƙashin gado. Almakashi, wanda ya fi kowa kuka ranar rasuwar, ya ce zai saya mini sabuwa. Na ce ya bari tukuna.

Allah ya jiƙan Baban yara, ya yafe masa abin da ya faɗa wanda ya wuce gaskiya, don bai taɓa faɗa da nufin cutar kowa ba. Allah ya yalwata makwancinsa, ya buɗe masa taga ta Aljanna, iska mai sanyi ta riƙa shigo masa, ta gaske, wadda ba sai ya tashi ya yi mata aiki ba. Wanda ya karanta wannan, in ya gama dariyarsa, ya taya ni da amin.